Waigi da Matakin Taya: Yadda Za Mu Tsayar da Tirelar Asibiti Lafiya

 Muna godiya ga fastoci, masu bishara, dattawan ikilisiya, zumuntar mata da matasa saboda irin karɓar da kuke yi wa ma'aikatanmu na lafiya duk lokacin da suka sauka a ƙauyukanku. Ubangiji ya sāka muku da alheri.

A wannan fitowa za mu yi magana a kan abin da ake sawa a ƙarƙashin taya idan an tsayar da tirela. Iri biyu ne. Na farko shi ne waigi, wanda wasu yaran mota ke ce wa weji. Aikinsa hana taya gangarawa. Na biyu shi ne matakin taya, wato katako ko roba mai hawa-hawa da ake hawar da taya ɗaya a kai domin tirela ta tsaya lebur, kada ta karkace. Ku ne kuke shirya mana wurin sauka, matasanku ne kuma suke kama mana aiki, saboda haka ya kamata mu san abin nan tare.

ABIN DA YA TAƁA SAMUN MU

Wata damina, shekarun baya, mun isa wani ƙauye da yamma liƙis, ga hadari ya haɗo. Filin da ke bayan majami'a yana da ɗan gangare, amma don gaggawa muka ce ba komai. Aka kawo duwatsu biyu muka cusa a bayan tayoyi, muka kwance mota, muka kunna firjin maganin rigakafi, kowa ya nemi makwanci.

Da dare aka sheƙa ruwa. Da gari ya waye muka tarar dutse ɗaya ya nutse cikin laka, ɗayan ya zame. Tirela ta ja da baya har ta kusa taɓa dangar gidan mai bishara, ƙafarta ɗaya ta lanƙwashe, ta kuma karkace sosai. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Firjin kuwa, wutarsa tana ci amma babu sanyi. Muka gyara tsayuwar tirela, amma aikin gama ya riga ya gama. A rana ta biyu ƙanƙarar da ke cikin akwatin sanyi ta soma narkewa, dole muka mayar da sauran maganin gari. A rana ta uku iyaye mata suka zo da goyo daga unguwanni masu nisa, wasu har da haye rafi, muka ce su koma sai wata mai zuwa. Wasunsu ba su dawo ba. Laifin namu ne, ba na ƙauyen ba. Tun daga ranar muka ɗauki doka: ba a kwance tirela daga mota sai ta tsaya lebur, waigi kuma yana wurinsa.

WACE IRIN TIRELA CE WANNAN?

Yara sukan ce mata ɗaki mai taya, sun kuwa faɗi daidai. A Ingila da sauran ƙasashen Turai ana kiranta karaban. Mutane suna jan ta da ƙaramar mota su tafi hutu, su kwana a ciki, su yi girki a ciki. Wadda aka fara ƙerawa domin yawon hutu ta wani likita ce ɗan Sikotilan, Dokta William Gordon Stables, a shekarar 1885, dawakai biyu ne kuma suke jan ta. A 1907 masu irin wannan ɗaki suka kafa ƙungiyarsu a Ingila. Daga wajen masu amfani da ita ne aka samo yawancin ƙa'idodin tsayar da ita, da kayan da ake sayarwa domin haka.

Mu ba hutu muke yi da ita ba. An mai da cikinta wurin duba marasa lafiya, da ajiye magani, da awon yara. Amma ƙirarta ɗaya ce da ta can. Tana da taya ɗaya a kowane gefe, wasu manya kuma biyu-biyu. A gaba akwai dogon ƙarfe da ake maƙala wa mota, da birkin hannu, da wata 'yar ƙaramar taya da ake juya hannunta ta ɗaga gaban tirela ko ta sauke shi. A kusurwoyi huɗu akwai ƙafafun ƙarfe da ake saukewa. Nauyin irin wannan tirela galibi yana tsakanin kilo 1,000 da 1,800. Idan muka ɗauki kilo 1,500, nauyin buhun siminti 30 ke nan.

DON ME SAI TA TSAYA LEBUR?

Babban dalili shi ne firji. Firjin gas ko na kananzir ba shi da inji mai ƙara kamar na lantarki. Wasu ɗalibai biyu a ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su ne suka ƙirƙiro shi a 1922, kamfanin Electrolux ya fara sayar da shi a 1925. Ga yadda yake aiki. 'Yar wuta tana dafa wani ruwa mai sinadarin amoniya a cikin bututun ƙarfe da ke bayan firji. Tururin ya hau sama, ya huce, ya koma ruwa, ya gangaro ta cikin firji yana kwashe zafi, sa'an nan ya dawo inda ya faro. Babu famfon da ke tura shi. Nauyinsa ne kaɗai yake gangaro da shi, kamar yadda ruwan rijiya ke bin kwari zuwa fangalin lambu. Idan firji ya karkace, ruwan sai ya kwanta wuri ɗaya, wurin dafuwar ya yi zafi fiye da kima, maganin hana tsatsa da ke ciki ya daskare ya toshe bututu. Idan ya toshe kuwa, sau da yawa ba ya gyaruwa.

Masu ƙera irin wannan firji sukan ce kada karkatarsa gefe da gefe ta wuce digiri 3. Digiri 3 shi ne kamar santimita 5 a kowace mita ɗaya. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, ba ita ake nema ba. Abin da ake nema shi ne lebur.

Maganin rigakafi yana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8 na ma'aunin zafi. Zafi yana kashe ƙarfinsa, musamman ɗigon shan inna. Shi ya sa kuke ganin 'yar alama a jikin kwalba, da'ira mai murabba'i a tsakiya. An fara sa ta a kwalbar ɗigon shan inna a 1996. Idan murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, ko ya fi ta, ba a amfani da maganin. Yanzu asibitoci da yawa sun koma firji mai aiki da hasken rana, wanda ya fi jure karkata. Duk da haka shi ma ana so a daidaita shi, akwai kuma na gas da na kananzir da ake amfani da su har yanzu.

Ban da firji, idan tirela ta karkace ƙofa takan cije ko ta riƙa buɗe kanta, ruwan wanke hannu ya ƙi fita ta bututu, kwalabe su mirgino daga kanta, sikelin awon jarirai ya ba da awon da ba daidai ba. Mace mai ciki kuma ba za ta kwanta da kwanciyar rai a kan gadon da ke neman zubar da ita ba.

DON ME BIRKI KAƊAI BAI ISA BA?

Ido yana ruɗin mutum a kan gangare. Filin da ya sauka santimita 25 a cikin mita 5 zai yi kamar shimfiɗaɗɗe ne. Amma a irin wannan fili, tirela mai kilo 1,500 tana jan kanta zuwa ƙasa da ƙarfin kilo 75, wato buhun siminti ɗaya da rabi, dare da rana ba hutu. Idan gangaren ya ninka, jan ma ya ninka. Mota tana da giya da za a bar ta a ciki, tirela ba ta da shi. Wayar birki takan saki, ƙura da laka sukan shiga, kuma yaro mai wasa yana iya sauke hannun birkin.

Akwai wani abu kuma da direbobi da yawa ba su sani ba. An ƙera birkin irin wannan tirela yadda zai saki da kansa idan mota tana tura ta baya, in ba haka ba ba za a iya yin ribas da ita ba. Saboda haka idan aka yi ribas, aka ja birkin hannu rabi, tirela tana iya gangarawa baya. Ko an ja shi har ƙarshe, takan matsa kamar taƙi ɗaya ko fiye kafin ya kama sosai. Taƙi ɗaya ya isa ya sauko da taya daga kan mataki, ya isa kuma ya danne ƙafar mutum.

ZAƁEN WURI

Wurin kirki ya fi kowane irin mataki. Kafin ranar zuwanmu, muna roƙon dattawa su duba waɗannan:

1. Ƙasa mai tauri, irin mai tsakuwa ko jar ƙasa da aka daɗe ana takawa. A guji fadama da rairayi mai laushi. Baƙar ƙasa mai danƙo, irin ta wasu sassan Gombe, Adamawa da Borno, tana da tauri kamar dutse da rani, amma ruwa ɗaya zai mai da ita taɓo.

2. Kada ya zama kan tsohon masai, ko tsohuwar rijiya da aka cike, ko inda aka rushe suri. Sama tana da kyau, ƙasa kuwa rami ne. Baƙo ba zai sani ba, ku ne kuka san tarihin filinku.

3. Kada ya zama hanyar ruwa. A tuna inda ruwa yake bi idan an yi mamako.

4. A dubi abin da ke ƙasan gangare. Idan ɗakin kwana ne, ko ajin makarantar Lahadi, ko bakin rijiya, a sake wuri.

5. Inuwa tana da amfani, domin bayan firji yana bukatar iska mai sanyi. Amma a ɗaga kai a dubi itacen, ko akwai busasshen reshe ko amya.

Idan akwai lokaci, matasa su share wurin, su zuba tsakuwa ko marmara, su daɓe shi kamar daɓen ɗaki. Aikin yini ɗaya zai yi shekaru yana amfani.

ZAƁEN MATAKIN TAYA

Na sayarwa galibi na roba ne mai ƙarfi. Kamfanoni irin su Fiamma na Italiya, Milenco na Ingila da Thule na Suwidin suna yin su. Yawancinsu suna da hawa uku, kamar santimita 4, 7 da 10 ko kusa da haka. Wanda zai saya ya duba abu huɗu. Nauyin da aka rubuta a jikinsa ya fi wanda zai ɗauka. Faɗinsa ya fi na taya. Saman yana da zane-zane domin kada taya ta zame. Yana kuma da waiginsa da ke shiga jikinsa ya kulle. Aibinsa a wurinmu biyu ne. Cikinsa rami ne, shi ya sa yakan nutse ko ya fashe a ƙasa mai laushi, sai an shimfiɗa falanki a ƙarƙashinsa. Rana kuma tana gasa roba har ta riƙa tsagewa, saboda haka a ajiye shi a inuwa.

Ba lalle sai an sayo daga waje ba. Kafintan ƙauye zai iya yin wanda ya fi dacewa da ƙasarmu. A sami falanki busasshe na itace mai tauri, kamar maɗaci, mai kaurin inci 2, wato santimita 5, faɗinsa kuma inci 10 ko 12. A yanka gida uku: santimita 90, da 60, da 30. A ɗora su, dogon a ƙasa, gajeren a sama, ƙarshensu na baya ya zo daidai. A fere bakin kowanne na gaba domin taya ta hau da sauƙi. A haɗa su da ƙusoshi, a tabbata babu tsinin ƙusa da ya leƙo inda taya za ta taka. A ƙarshen na sama a kafa ɗan guntun katako domin kada taya ta zarce ta faɗa. An sami hawa uku ke nan: santimita 5, da 10, da 15. A ƙara da falanki ɗaya mai kaurin inci 1 da za a riƙa sawa a ƙarƙashi idan ana bukatar ƙari kaɗan.

Idan tirela mai taya biyu ce a kowane gefe, dole tayoyin gefe ɗaya su hau tsayi ɗaya. A yi dogon falanki da zai ɗauke su tare, in ba haka ba taya ɗaya za ta ɗauki nauyin biyu.

Idan aka ga ana bukatar ɗagawa fiye da santimita 15, wurin ne bai dace ba. Kada a yi ta jibga katako kan katako. Da rani, a ƙasa mai tauri, ana iya haƙa ɗan rami marar zurfi ga tayar da ke tudu maimakon ɗaga wadda ke gangare. Da damina kada a yi haka, ramin zai cika da ruwa.

ZAƁEN WAIGI

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tsayin waigi ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin taya. Tayar tirelarmu tana da tsayin kusan santimita 65, saboda haka waiginta ya zama kamar santimita 15 ko 16. Tayar babbar mota takan kai mita ɗaya, nata waigin ya kai santimita 25. Ƙaramin waigi taya za ta haye shi.

A sassaƙa shi daga itace mai nauyi da tauri, irin ƙirya da ake turmi da taɓarya da ita, ko marke, ko maɗaci. Kada a yi da kuka ko wani itace mai laushi, ko wanda ya tsage, ko wanda gara ta taɓa. Faɗinsa ya yi kusan na taya, tsawonsa ya fi tsayinsa, fuskar da za ta jingina da taya kuma a karkace. A ƙasansa a yi tsage-tsage da zarto, ko a buga masa yankin tsohuwar taya domin ya kama ƙasa. A huda shi a ɗaura igiya mai tsawon kamu biyu, yadda za a janye shi ba tare da sa hannu kusa da taya ba. A shafa masa jan fenti ko rawaya domin a gan shi da magariba. Kada a jiƙa shi da baƙin mai don tsoron gara, mai yana sa santsi, yana kuma lalata roba. A rataye shi a ɗaki nesa da ƙasa, ya isa.

Kowace tirela tana bukatar waigi huɗu, biyu ga kowane gefe. Wanda zai tare tayar da ke kan matakin katako a yi shi ya ɗan fi sauran tsayi, gama zai zauna ne a hawan da ke ƙasa da tayar.

Wani zai ce, ai dutse muka saba sawa tun kakanni. Gaskiya ne, idan mota ta mutu a kan tudu kuma babu komai a hannu, dutse ya fi babu. Amma mulmulallen dutse yana mirginawa, mai kaifi yana yanka taya, marmara tana marmashewa, kuma taya tana iya harbo ƙaramin dutse kamar daga gwafa. Bulon siminti mai rami yakan fashe farat ɗaya ba gargaɗi. Tubali kuwa ruwa ne ajalinsa. Sa'an nan dutsen da aka bari a kan hanya bayan mota ta tashi, shi ne yake kayar da mai babur da dare.

YADDA AKE TSAYARWA, BI DA BI

1. A kori yara da dabbobi nesa. Mutum ɗaya tak zai riƙa yi wa direba alama, ya tsaya a gefe inda direba ke ganinsa. Idan mutum goma suna ihu, direba ba ya jin kowa. Ba wanda zai shiga tsakanin mota da tirela, ko ya tsaya a bayanta.

2. A kai tirela wurin da ake so, a ɗan zarce baya kamar mita ɗaya. Kada a kwance ta daga mota tukuna.

3. A auna gefe da gefe. A aza ma'aunin lebur na magina a ƙasan tirela ta bakin ƙofa. Ƙwayar iskar da ke cikin gilashinsa tana gudu ne zuwa gefen da ya fi tudu. Idan babu ma'auni, a zuba ruwa a faranti mai faɗi, ruwan zai taru a gefen da ke ƙasa. Wannan gefen ne za a ɗaga.

4. Domin sanin yawan ɗagawa, a ɗora ma'aunin a kan miƙaƙƙen katako mai tsawon mita ɗaya, a ɗaga ƙarshensa na ƙasa har ƙwayar ta zo tsakiya, a auna ratar da ke ƙarƙashinsa. Tsakanin tayoyin biyu kusan mita 2 ne, saboda haka a ninka ratar sau biyu. Idan rata santimita 5 ce, ana bukatar hawa na santimita 10.

5. A sa matakin a gaban tayar da ke ƙasa, a miƙe da ita. Direba ya ja gaba a hankali da giya ta ɗaya har taya ta zauna a tsakiyar hawan da ake so. Jan gaba ya fi ribas, saboda abin da muka faɗa game da birki.

6. Direba ya ja birkin mota. A ja birkin hannu na tirela har ƙarshe. A sa waigi a bayan tayar da ke kan mataki, a sa biyu kuma gaba da bayan ɗaya tayar. A buga su su manne da taya, kada a bar rata.

7. Sai yanzu za a sa guntun falanki a ƙarƙashin 'yar tayar gaba, a sauke ta, a cire wayar lantarki, a ɗaga bakin tirela daga mota. 'Yar wayar ƙarfe ta ko-ta-kwana, wadda ke jan birki idan tirela ta ɓalle, ita ce za a cire daga ƙarshe.

8. A juya ma'aunin ya dubi gaba da baya. A daidaita da 'yar tayar gaba har ƙwayar ta zo tsakiya.

9. A sauke ƙafafu huɗu a kan guntayen katako, a fara da na baya, har su taɓa sosai. Waɗannan ƙafafu ba jak ba ne. Aikinsu hana girgiza. Wanda ya ce zai ɗaga tirela da su zai lanƙwasa su, ya kuma murɗe ƙasan ɗakin. Kada kowa ya shiga ciki kafin a sauke su, gama idan mutum ya taka can baya, gaban tirela yana iya tashi sama.

10. A sake aunawa a kan firji ko a cikinsa, sa'an nan a kunna shi. Kowace safiya, da kuma bayan kowane ruwan sama, a sake duba ma'auni da waigi.

RANAR TASHI

Ana bin aikin ne daga ƙarshe zuwa farko. A kashe firji, a ɗage ƙafafu huɗu, a kawo mota a maƙala, a tabbata ta kulle, a haɗa wayoyi, a ɗage 'yar tayar gaba. Bayan an gama wannan duka ne za a cire waigi, a saki birki, a sauko daga mataki a hankali. Idan taya ta danne waigi, kada a sa hannu ko a yi ta shuri. Direba ya ɗan matsa kaɗan, a janye shi da igiya. A ƙirga kaya kafin a tafi: waigi huɗu, mataki ɗaya, guntayen katako biyar. Mu riƙe wannan: waigi yana shiga kafin a kwance, yana fita bayan an ɗaure.

BA TIRELAR ASIBITI KAƊAI BA

Tirelarmu takan zo ne jefi-jefi, amma abin hawa mai nauyi yana tare da ku kullum. Amalanken shanu da aka loda wa dawa da kaka, a sa masa waigi kafin a kwance shanu, a kuma tokare gabansa da bayansa, domin yara suna son lilo a kansa. Tirelar tarakta ma haka. Tankin ruwa mai taya ya fi yadda ake zato nauyi, gama kowace lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 1,000 yana ɗauke da kilo 1,000 na ruwa, ruwan kuma yana kai-da-komo a ciki bayan an tsaya. Babbar motar da ta kawo taki ko hatsin agaji, a sa mata waigi kafin a fara saukewa, domin jama'a sukan taru ne a bayanta.

Wanda zai canja taya ya sa waigi gaba da bayan tayar da ke can ɗaya kusurwar kafin ya ɗaga jak. Birkin hannu a yawancin motoci tayoyin baya kawai yake kamawa. A tsofaffin Land Rover ma ba a taya yake ba, a jikin giya yake, saboda haka da an ɗaga taya ɗaya mota tana iya gangarawa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

ABIN DA IKILISIYA ZA TA IYA YI

A cikin Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa katanga kewaye, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ba a ce a jira sai wani ya faɗi ba. Addu'ar da muke yi kafin tafiya tana da kyau ƙwarai, amma Allah da muke roƙon tsarinsa shi ne ya ba mu hankali, ya ba mu itace da gizago. Hausawa ma sun ce rigakafi ya fi magani.

Muna roƙon kowace ikilisiya ta yi abu uku kafin damina. Ta keɓe wurin sauka ta daɓe shi. Ta sa kafinta ya yi mataki ɗaya da waigi huɗu, a ajiye su a majami'a domin duk mai bukata a ƙauyen, Kirista ko Musulmi ko wani dabam, ya ara ya dawo da su. Ta kuma zaɓi matasa biyu masu natsuwa da za mu koya wa aikin idan mun zo. Zumuntar mata kuma su taimake mu da riƙe yara a nesa a lokacin da mota ke motsi.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A ina motoci da amalanke suke tsayawa a ƙauyenmu? Me ke ƙasan wurin idan abu ya gangara?

2. Wane fili ne ya fi dacewa da tirelar asibiti, da rani da damina?

3. Wa zai ba da itace, wa zai sassaƙa, wa zai riƙa ajiyewa?

Muna roƙon fastoci da masu bishara su karanta wannan a gaban jama'a bayan sujada, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji. Ku ci gaba da yi wa direbobinmu da ma'aikatan lafiya addu'a a kan hanya. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.